Jagorar Kafa Lambun Gida a Farkon Damina Tare da Iyali

A ƙasar Hausa babu lokacin da ake ɗokin zuwansa kamar saukar ruwan farko. Bayan zafin watan Afrilu, wanda kan kai digiri 40 ko ya zarce a Sakkwato da Kano da Maraɗi, ranar da hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da ƙura, sannan ruwa ya goce, gari kan sauya baki ɗaya. Yara sukan fito tsakar gida, manya su yi addu'ar Allah Ya sa ruwa ne mai amfani, gaisuwa ma takan canza, domin daga ranar sai ka ji ana cewa "yaya ruwa?" ana amsawa da "ruwa ya yi gyara." Mutumin karkara yana da gonar da zai nufa da wannan murna, amma mazaunin birni sau da yawa yakan tsaya ne a kallon ruwan yana zuba daga indararo yana bin kwata. Wannan jagora ta irin wannan mutum ce: wanda yake da ɗan fili a tsakar gida ko bayan ɗaki, ko ma dandaɓen siminti kawai, yana kuma son iyalinsa su ci moriyar damina da hannunsu.

Abin da jagorar ta ginu a kai shi ne, lambun gida yana ɗorewa ne idan ƙarami ne, idan abin da aka shuka shi ne abin da tukunyar gidan take nema, kuma idan kowa a gidan yana da rabonsa a ciki. Lambun da mai gida ya kafa shi kaɗai saboda sha'awar mako guda, ciyawa ce take gadonsa kafin watan Agusta.

Mataki na farko: a zauna da iyali tun bazara

Aikin yana farawa ne tun kafin a ga hadari, wato a cikin Afrilu ko farkon Mayu, kuma da shawara yake farawa. Uwargida ce ta fi kowa sanin abin da ake aiken yara su sayo kullum, saboda haka ita ya kamata a fara tambaya. A yawancin gidaje amsar ba ta wuce kuɓewa, alayyahu, yakuwa, zogale, rama, lalo, attaruhu da kabewa. Duk waɗannan suna son damina, kuma ba su da wahalar reno. Wanda ya fara da latas ko kabeji ko karas a watan Yuni ya saɓa wa lokaci, domin waɗannan kayan sanyi ne, sun fi kyau daga Nuwamba zuwa Fabrairu a noman rani. Tumatir kuwa, duk da cewa tsadarsa a damina takan sa mutum ya yi kwaɗayin shuka shi, yawan laima yana jawo masa cututtukan ganye da ruɓewar 'ya'ya, kuma wannan na daga cikin dalilan tsadar tasa. Mai farawa ya haƙura da shi a shekarar farko, ko ya gwada tushe uku ko huɗu a bokiti a ƙarƙashin rumfar da rana ke shiga amma ruwa ba ya dukansa kai tsaye.

A wannan zaman ne kuma za a raba aiki. Iyayenmu na karkara suna da tsari mai kyau da ya dace a aro: bayan gandu, wanda na kowa ne, akan yanka wa matar aure ko saurayi gayauna, abin da ya noma a cikinta nasa ne. A yi haka a lambun gida. Yaro ɗan shekara 7 zai iya riƙe buhu biyu na alayyahu, 'yar shekara 12 za ta iya riƙe layin kuɓewa guda, kuma idan an girbe a bar su su yanke shawarar wanda za a kai wa kyauta, ko a saya a hannunsu da kuɗin cefane. Yaron da ya san shukar tasa ce ba sai an tashe shi ban-ruwa da tsawa ba.

Mataki na biyu: zaɓen wuri

A ɗauki yini guda ana lura da yadda rana take zagaya gidan. Kuɓewa da barkono da kabewa suna buƙatar rana ta aƙalla awa 6, kuma ta safe ta fi ta yamma. Ganyaye irin su alayyahu da ɗoɗɗoya da na'a-na'a suna jure inuwar rabin yini. Gindin darbejiya ko mangwaro ba wurin lambu ba ne, saboda ban da inuwa, saiwoyin bishiyar za su shanye takin da ruwan.

Abu na biyu shi ne hanyar ruwa. Duk wanda ya kwana damina ɗaya a gida ya san inda ruwa yake kwanciya da inda yake bi ya fita. Kada a kafa lambu a kan hanyarsa, kada kuma a toshe ta, domin rigimar maƙwabta a damina rabinta a kan magudanar ruwa take. Kada a shuka a daidai bakin indararo, ƙarfin zubar ruwan zai tone iri. A bar tazarar aƙalla taku ɗaya tsakanin lambu da katanga, musamman idan ginin ƙasa ne, saboda laimar da ke zama a gindin bango ita ce take cinye shi. A nisanci masai da ramin shadda da ruwan kwata, tunda yawancin abin da za a shuka ganye ne, wani ma ɗanye ake cinsa.

Fili mai faɗin mita 3 da tsawon mita 4 ya ishi gida mai matsakaicin iyali ganyen miya, kuma ya fi ƙarfin abin da mutane da yawa za su iya nomewa bayan sun dawo daga aiki. Wanda gidansa siminti ne, ko yana haya, sai ya koma ga buhunan shinkafa ko na taki da aka wanke, da tsofaffin bokitai da robobin fenti. A huda ƙasansu da gefensu wuri 6 zuwa 10 don ruwa ya riƙa fita, a ɗora su kan duwatsu ko bulo. Gwangwanin da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko baƙin mai a ciki ba ya shiga wannan lissafi.

Mataki na uku: shinge da taki da gyaran ƙasa

Shinge ya riga shuka. Akuya guda takan share aikin wata ɗaya kafin a idar da sallar la'asar, kaji kuma sukan tone iri tun bai tsiro ba. A ƙauye akan yi shelar ɗaure dabbobi idan shuka ta kama, amma a birni babu mai yi maka wannan shela. Dangar kara ko zana ta wadatar, haka ma tsohuwar waya ko tsohon gidan sauro da aka ɗaure a jikin turaka. Akwai dabarar da take biyan buƙata biyu: a sassare rassan zogale masu kaurin hannun yaro, tsawon kamar mita 1, a kakkafa su a matsayin turakan shingen. Da ruwa ya zauna za su yi toho, shinge ya zama abin ci.

Taki ne wurin da masu farawa suka fi yin kuskure, saboda haka ya cancanci a tsaya a kansa. Kashin awaki da tumaki shi ne ya fi sauƙin samu a gidajenmu, kuma yana da kyau ƙwarai. Na shanu ya fi sanyi, na kaji kuma ya fi duka ƙarfi. Sharaɗin dukkansu ɗaya ne: sai sun ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana ɗauke da irin ciyawa, yana kuma iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da za su hau ganye. A tara shi a gefe guda tare da sharar turke da ɓawon kayan miya da busasshen ganye, a yayyafa ruwa har ya yi laima ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, a rufe da tsohon buhu, a riƙa juya shi duk bayan kwana 10. A zafin bazara, cikin mako 6 zuwa 8 zai yi baƙi, ya daina ɗumi, warinsa ya koma irin na ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa aka ce a fara tun Afrilu. Takin bola da ake sayarwa a amalanke a yi hattara da shi, domin bolar yau cike take da leda da fasassun kwalabe da matattun batura. Idan dole ne a yi amfani da shi, a tankaɗe shi da rariya. Toka tana da amfani, amma kaɗan ake barbaɗawa, kamar cikin tafin hannu biyu ga kowace murabba'in mita, kuma ta itace ko ta kara ake nufi, ban da wadda aka ƙona roba a ciki.

Daga nan sai a dubi ƙasar. A jiƙa ta a dunƙula a hannu. Idan ta wargaje nan take, jigawa ce, ba ta riƙe ruwa, maganinta yawan taki. Idan ta dunƙule tana sanƙo tana manne wa hannu, laka ce, tana riƙe ruwa fiye da kima, maganinta taki da ɗaga fangali sama. A kafce ƙasar da fartanya ko garma zurfin taƙi guda ko fiye, a tsince duwatsu da leda da saiwar ƙiri-ƙiri, wadda duk guntun da aka bari zai sake tsirowa. A zuba bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki ga kowace murabba'in mita, a cakuɗa.

A nan akwai bambancin da ya kamata a kiyaye. Masu noman rani suna yin fangali mai zurfi domin ya tare ruwa. A damina akasin haka ake so: a ɗaga fangalin sama kamar santimita 15 zuwa 20, ko a yi kunya, domin ruwan Agusta ya samu hanyar wucewa. Faɗinsa kada ya wuce mita 1, yadda hannu zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da an taka ba. Ga masu buhu, haɗin da ya dace shi ne kashi biyu na ƙasar gona, kashi ɗaya na taki, kashi ɗaya na yashi.

Mataki na huɗu: neman iri

Irin kayan miyarmu na gargajiya ya fi samuwa a hannun dangi fiye da kanti, kuma neman sa hanya ce ta sada zumunci. A kira gwaggo ko kaka a ƙauye, a gaishe ta, a tambayi labarin ruwa a wajensu, a ji wanda ya haihu da wanda aka sa wa rana, sannan a roƙi irin kuɓewarta da na yakuwa. Tsofaffi suna jin daɗin irin wannan roƙo fiye da yadda 'yan birni suke zato, kuma irin da ya shekara da shekaru a yankin ya riga ya saba da ƙasarsa da ruwansa. Sai dai a tambaya ko kuɓewar mai saurin haihuwa ce ko doguwa ce mai jinkiri, wadda ba ta fara 'ya'ya sai damina ta yi nisa. Mai ƙaramin fili gajeriyar ta fi dacewa da shi.

Wanda zai saya, ya je wurin dillalan kayan noma da aka sani, ya duba ranar da aka rubuta a jikin fakitin, ya guji wanda ya daɗe a rana. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da ma'aikatan faɗakar da manoma na jihohi, irin su KNARDA a Kano, wurare ne da ake samun shawara kan irin da ya dace da yanki. Irin da aka rina da hoda ja ko shuɗiya an sa masa magani ne, a nisanta shi daga bakin yara da kaji.

Ko daga ina irin ya fito, a gwada shi. A ƙirga ƙwaya 10, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Idan bayan mako guda 7 ko 8 sun tsage, irin yana da kyau. Idan 4 ne ko ƙasa da haka, a nemi wani tun da sauran lokaci. Wannan aiki ne da yara suke so, a bar musu shi.

Attaruhu da tattasai da gauta ba a shuka su kai tsaye. Renonsu ake yi a tsohon kwano ko akwatin katako a wuri mai ɗan inuwa, su yi mako 5 zuwa 6 kafin dashe. Saboda haka a zuba irinsu tun farkon Mayu ana ba su ruwa da hannu.

Mataki na biyar: jiran ruwan shuka

Ruwan farko abin murna ne, amma ba kullum ne yake zama ruwan shuka ba. Sau da yawa yakan sauko a Afrilu ko Mayu, ya sa mutane su yi gaggawa, sannan ya ɗauke na mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone a rana. Damina takan zauna da wuri a kudancin Kaduna da Zariya, wajen watan Mayu, ta iso Kano da Katsina a cikin Yuni, a Damagaram da Tawa kuma wani lokaci sai ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, gidajen rediyo kuma sukan bayyana shi da Hausa, saboda haka yana da kyau a saurara. Amma gwajin da ya fi kusa shi ne na hannu: washegarin ruwa a tona ƙasa, idan laima ta kai zurfin taƙi guda, an samu ruwan shuka. Idan saman ne kawai ya jiƙe, a dakata.

Mai lambun gida yana da gatan da manomin dawa ba shi da shi, wato zai iya cike giɓin fari da bokiti. Don haka a kafa duro ko randa a ƙarƙashin indararo. A bar ruwan mintunan farko ya zube, saboda shi ne yake wanke ƙurar rufi da kashin tsuntsaye. Kuma lallai a rufe duron ruf, domin sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin kimanin kwana 10 a ruwan da yake kwance, kuma damina ce lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi kama yara. Haka ma duk wani gwangwani ko tsohuwar taya da ke tare ruwa a kifar da su.

Mataki na shida: ranar shuka

A zaɓi ranar da kowa yake gida, a fara da sassafe ko bayan la'asar, a yi bisimilla. Idan da tsoho a gidan, a ba shi ya fara jefa iri. Yana daga cikin girmamawa, kuma yara za su ga yadda ake rufe rami da diddige ba tare da an danne shi da ƙarfi ba.

Kuɓewa tana da tauri a ɓawo, saboda haka a jiƙa irin ya kwana. A sa ƙwaya 3 a rami mai zurfin gaɓar yatsa ɗaya, a bar santimita 30 zuwa 40 tsakanin rami da rami, da kamar 60 tsakanin layi da layi. Za ta tsiro cikin mako guda. Bayan mako biyu a cire raunana a bar ɗaya ko biyu. Gajerun iri sukan fara haihuwa cikin wata biyu, kuma tushe 20 sun isa gida ya riƙa miyar ɗanyar kuɓewa har a samu ta shanya.

Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, idan aka watsa shi haka nan zai taru wuri ɗaya. A gauraya cokali ɗaya na iri da cokali 10 na busasshen yashi, a ja layuka marasa zurfi da tsinke, a barbaɗa, a rufe da ƙasa sama-sama. Shi ne zai fara faranta wa yara rai, domin cikin kwana 4 ko 5 layin zai yi kore, cikin mako 3 zuwa 4 kuma a fara tsinka. Kada a shuke fangalin duka rana ɗaya. A raba shi uku, a riƙa shuka kashi ɗaya duk bayan mako biyu, ta yadda ba zai yi yawa lokaci guda sannan ya yanke ba. Haka ake yi wa lalo, sai dai shi irinsa yana son a tsoma shi a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan kafin a shuka.

Yakuwa da rama a jera su a gefen lambu, tazarar kamu guda, saboda suna tsawo. Ana fara tsinkar ganyensu bayan kamar mako 6. Yakuwa ba ta fure sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina, don haka mai son zoɓo ya bar wasu tushe bai matsa musu da tsinka ba, zai girbi soɓorodonsa a kaka. Kabewa kuwa rami biyu sun isa, a kusurwa, a cika su da taki, a nuna mata hanyar hawa rumfa ko danga. Idan aka bar ta a ƙasa za ta mamaye kowa, ta kuma zama maɓoyar maciji. Zogalen da aka shuka daga ƙwaya, da zarar ya kai ƙugun mutum a katse kansa, in ba haka ba zai miƙe sama ya bar ganyen inda hannu ba ya kaiwa.

Dashen barkono da gauta da yamma ake yi, ko ranar da gari ya lumshe. A jiƙa kwanon renon tukuna, a ciro kowane da ƙasarsa, a dasa da tazarar santimita 50, a ba shi ruwa nan take.

Mataki na bakwai: kulawar yau da kullum

Minti 15 bayan sallar asuba ko kafin magariba sun fi aikin yini guda a ƙarshen wata. A nan ne ma daɗin abin yake: zagayen safe da kofin shayi a hannu, ganin furen kuɓewa ruwan ɗorawa da ya buɗe da safe zai rufe kafin yamma, da gardamar yara kan wanda shukarsa ta fi tsawo. Ciyawa a cire ta tana ƙarama, musamman a makonni 4 na farko da shuka ba ta da ƙarfin gasa da ita.

Idan an sa takin gargajiya isasshe, ganyaye ba sa buƙatar ƙari. Kuɓewa da barkono za su amfana da ɗan takin zamani NPK 15-15-15, cikin murfin kwalbar lemo ɗaya ga kowane tushe, mako 2 zuwa 3 bayan tsiro ko dashe. A tona ɗan rami nesa da tushen da kamar faɗin yatsu huɗu, a zuba, a rufe. Idan ya taɓa jikin shukar zai ƙona ta, idan kuma aka bar shi a sama ruwa zai tafi da shi.

Ƙwari za su zo, babu makawa. Akwai ƙanana masu tsalle da ke huda ganyen kuɓewa da yakuwa, akwai masu taruwa a bayan ganye suna tsotse shi har ya nannaɗe, akwai tsutsa da fara. A ƙaramin lambu hannu ne maganin farko: a duba bayan ganye, a tsince, a ba kaji. Idan abin ya yi yawa, a daka busassun 'ya'yan darbejiya kamar cikin tafin hannu biyu, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa su kwana, a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu kaɗan a ciki don ya kama ganye, a fesa da yamma, a maimaita bayan mako guda. A wanke ganyen sosai kafin a dafa saboda ɗaci. Fiya-fiya da sauran magungunan kashe ƙwarin ɗaki ba su da wuri a kan abin da za a ci. Ganyen da ake tsinka duk bayan kwana biyu ba shi da lokacin da guba za ta bar jikinsa.

Watan Agusta, lokacin marka, shi ne jarrabawar lambu. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi a fita a duba, a buɗe wa ruwa hanya, a tayar da abin da iska ta kwantar, a tara ƙasa a gindinsa, a kafa wa barkono sanda. Ganyen da ya yi ɗigo-ɗigo ko ya ruɓe a cire shi a fitar daga lambun. Masu buhu su tabbata hudojin ba su toshe ba. An yi sa'a wannan lokaci yakan dace da dogon hutun makaranta, lokacin da 'ya'yan dangi suke zuwa hutu, saboda haka hannun aiki ba ya ƙaranci.

Mataki na takwas: girbin farko da rabon zumunci

Manoma suna da murnar tumu, ranar da aka fara gasa sabon gero. Lambun gida ma ya cancanci irin wannan rana. Ba sai an yi wani taro ba: a dafa faten tsaki da alayyahu da yakuwar gida, ko a yi kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, a shimfiɗa tabarma a ci tare, a faɗi sunan wanda ya shuka abin da ake ci. A ɗebi na farko a aika wa maƙwabta da wanda ya ba da iri. Ya tabbata a hadisi cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce a gare shi, don haka ko ɓarnar tsuntsaye ba asara ce zalla ba.

'Yan uwan da suke nesa, ɗalibi a makarantar kwana, ɗiyar da aka kai aure wani gari, ko ƙanin da ke neman kuɗi a Legas ko Kumasi, a sa su cikin labarin. Hoton kabewar farko ko saƙon murya ta WhatsApp da ƙaramin yaro ya yi yana bayanin alayyahunsa yakan buɗe hirar da "kuna lafiya?" kaɗai ba ta buɗewa. Idan an yi haihuwa a gidan cikin daminar, yana da kyau a dasa gwaiba ko lemun tsami da sunan jaririn, a wurin da saiwa ba za ta taɓa gini ba.

Game da girbin kansa, kuɓewa a riƙa cire ta duk bayan kwana 2 ko 3 tana tsawon yatsa, domin idan aka bar ta ta ƙosa uwar takan rage haihuwa. A sa riga mai dogon hannu saboda ƙaiƙayi. Alayyahu a yanke shi a bar kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, zai sake toho sau biyu ko uku.

Mataki na tara: shanya da ajiyar iri

Daga tsakiyar Satumba lambu yakan ba da fiye da abin da tukunya za ta ɗauka. Kuɓewa a yayyanka ta a shanya a rana kan tabarma ko faranti, sama da ƙasa, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a kuma shigar da ita duk yamma don kada raɓa ta sa ta yi baƙi. Zogale da yakuwa da lalo kuwa a inuwa mai iska ake shanya su, domin rana tana kashe korensu da wani ɓangare na amfaninsu.

Iri a ware shi tun da wuri, daga tushen da ya fi lafiya da yawan haihuwa, ba daga ragowar da aka manta ba. A ɗaura wa tushen ƙyalle don kowa ya san ba a taɓa shi, a bar 'ya'yan su bushe a jikinsa har su fara tsagewa. A ɓare, a ƙara shanyawa a inuwa na mako guda, a gauraya da ɗan toka saboda ƙwari, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da shekara, a ajiye a wuri mai sanyi nesa da murhu. Irin da aka sayo a fakiti mai alamar F1 ba a ajiye 'ya'yansa, saboda ba za su fito kamar uwarsu ba. Karan kuɓewa da na rama da ba su da cuta a sassare su a zuba a tarin taki, a sauke fangalin a mayar da shi mai zurfi, domin daga ƙarshen Oktoba za a iya zuba renon latas da tumatir da albasa na noman rani, muddin gidan yana da rijiya ko famfon da zai ɗauki ban-ruwan kullum.